Nazarin lamari: abin da ya karya fukafukan injin iska na wani asibitin ƙauye a Jigawa

A arewacin Jihar Jigawa, ta wajen ƙasar Gumel, akwai wani ƙauye mai ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke ɗauke da lalurar ƙauyuka da rugagen da ke kewaye. Wutar Nepa ba ta kai garin ba. Firjin allurar rigakafi da fitilun ɗakin haihuwa duk a kan faifan sola da batura suke. Yawancin magungunan rigakafi suna bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8 dare da rana, in kuwa firji ya kwana a kashe, wani lokacin sai an zubar da abin da ke ciki. A hunturu ake shan wahala: hazo ya dushe rana, ƙura ta lulluɓe faifan, batura su mutu tun kafin asuba. A lokacin ne kuma iskar arewa maso gabas take kaɗawa ba ƙaƙƙautawa.

Shi ya sa matasan garin suka yi karo-karo suka haɗa injin iska. Sun sayo ƙaramin janareta mai maganaɗisu da dogon bututun ƙarfe a Kano, suka kafa shi a bayan asibitin, suka ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa huɗu. Fukafukai uku suka yanka daga bututun roba irin wanda ake zurawa a rijiyar burtsatse, kowanne ya ɗan haura mita guda, suka huda gindinsu suka ɗaura a jikin faifan ƙarfe da noti. Wayar janaretan kuwa suka bi da ita ta na'urar mai da wuta ta batir, suka shigar da ita wata kwantirola irin ta sola, wato na'urar da ke kula da cajin batir, da ta rage musu. Aiki ne na hankali da kishin gari, kuma ya yi amfani: hunturun farko gaba ɗaya firjin bai kwana a kashe ba.

Da bazara ta kama, wata ranar la'asar hadari ya taso daga gabas, fiffike ɗaya ya tsinke daga gindi ya faɗa bayan katanga. Kowa ya ce ƙarfin iska ne, kuma ba wanda zai ga laifin mai faɗin haka, don a ranar an yi asarar rufin ɗakuna a garin. Aka yanko sababbi, aka kai wa mai walda na kasuwar da ke kusa. Ya duba karyayyen, ya ga tsagar ta faro ne daga gefen baya na fiffiken, wato ƙeyarsa, sai ya bi ƙeyar kowane sabon fiffike da siririn falatba, wato ƙarfe mai faɗi, ya ɗaure da ribit. Bayan 'yan makonni injin ya sake karyewa, wannan karon a iskar da ko reshen darbejiya ba ta karya ba. Guntun ya tashi ya sauka dab da rijiyar da mata ke ɗiban ruwa. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Dagaci ya sa aka ɗaure injin da igiya, ya ce ba zai sake juyawa ba sai an gaya masa dalili.

Nan aka nemi mu, ni da ɗalibaina na sashen injiniyan inji a wata kwalejin fasaha. Mun tarar da bayani iri uku a bakin mutane. Wasu sun ce robar jabu ce. Wasu sun ce mai walda ya yi gyaran gangar auzinawa. Wasu kuma, a ƙasa-ƙasa, suna cewa wurin ne ba ya son a kafa masa abu. Bayani na huɗu yana wurin tsohon da ke gadin asibitin, wanda ba a tambaye shi ba.

"Baba, kafin ya karye, kana jin wani abu?"

"Ɗana, ai kuka yake yi. Ba kullum ba. Da dare lafiya lau yake juyawa, ko da iska ta fi haka. Daga bayan azahar ne zuwa la'asar sai ka ji ya ɗauki ɓarararar, har awaki su watse. In na leƙa ɗakin batir a lokacin, koriyar fitilar nan a tsaye take, ba ta ƙiftawa."

Wannan magana ita ta ba binciken alƙibla. In ƙarfin iska ne kawai, me ya hana injin karyewa a daren hunturu? Me ya haɗa kukan fiffike da fitilar da ke cikin ɗaki?

Mun fara da karyayyun guntayen. Fuskar karayar kashi biyu ce. Wani ɓangare sumul yake, da layuka masu lanƙwasa jere da juna, duk sun kewaye bakin ramin noti na gefen ƙeya. Sauran kuwa kaca-kaca, alamar ya ɓalle ne a lokaci guda. Abin da wannan ke nufi shi ne tsagar ta daɗe tana tafiya kaɗan-kaɗan, kowace lanƙwasawa tana ƙara mata taki, har abin da ya rage ya kasa riƙe nauyin. Wannan ita ce gajiyar abu, wadda Bajamushe August Wöhler ya yi nazarinta a kan sandunan ƙarfen da ke haɗa ƙafafun jirgin ƙasa tun a ƙarni na 19: ƙarfin da bai isa ya karya abu a karo ɗaya ba zai karya shi in aka maimaita shi sau da yawa. Lissafin ba shi da wuya. Abin da ke karkarwa sau 30 a daƙiƙa ya lanƙwasa sau 108,000 ke nan a awa guda. Hadarin ranar farko ƙarasa aikin kawai ya yi. Ramukan notin ma da ƙarfe mai zafi aka huda su, bakinsu duk zazzago, kuma tsaga daga irin wannan wurin take son farawa.

To me ke lanƙwasa fiffiken haka? A nan dole a rarrabe karkarwa iri biyu, don maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Yaro a kan lilo yana iya tafiya ta hanya biyu. Ko wani ya tsaya a baya yana tura shi, in turin ya dace da lokacin dawowar lilon sai ya yi ta yin sama, in mai turin ya canza lokaci ko ya daina sai lilon ya lafa. Ko kuma yaron da kansa ya riƙa miƙe ƙafa yana naɗewa, motsinsa ne ke haifar da ƙarfin da ke ƙara motsin, ba mai turi balle a ce ya daina. Na farkon shi ne karkarwar tilas: akwai wani bugu daga waje, misali rashin daidaiton nauyi ko wucewar fiffike ta gaban turke a kowane zagaye, kuma tana tsananta ne kawai in bugun ya yi daidai da bugun asali na abin, wato saurin da yake karkarwa da kansa in an doke shi an ƙyale shi. Na biyun shi ne karkarwa mai rura kanta, wadda injiniyoyi ke kira filata. Fiffike ya ɗan murɗe, murɗewar ta canza yadda iska ke dukansa, canjin ya lanƙwasa shi, lanƙwasawar ta sake murɗe shi, kuma a kowane zagaye iska na zuba masa ƙarfi fiye da wanda jikinsa ke iya shanyewa. Iskar ba ta bukatar zama mai gardama. Ko a miƙe take sumul, muddin gudunta a kan fiffiken ya haura wani mizani, abin zai tashi.

Ba sabon ciwo ba ne. Masu ƙera jirgin sama sun sha fama da shi tun zamanin yaƙin duniya na farko, kuma a 1935 Theodore Theodorsen ya fitar da lissafinsa a Amurka. A 1946 Baturen Ingila A. R. Collar ya zana shi a matsayin alwatika mai kusurwa uku: ƙarfin iska, taurin abu, da nauyinsa. Gadar Tacoma da ke jihar Washington, wadda aka buɗe a watan Yulin 1940, ta murɗe ta faɗa ruwa ranar 7 ga Nuwamban shekarar, a iskar da ba ta kai kilomita 70 a awa ba.

Gwajinmu na farko a kan benci aka yi shi, a zauren mai walda ɗin nan, kuma da hannunsa a ciki. Na so ya kasance a wurin, don mutumin da gari ya ɗora wa laifi ya cancanci ya ga dalili da idonsa. Muka ɗauki guntun bututu cikakke muka ba shi ya murɗa. Ko gezau. Muka tsaga irinsa a tsaye daga sama har ƙasa muka sake ba shi, sai ga shi yana murɗuwa a hannu ba wahala. Robar ɗaya ce, kaurin ɗaya ne. Bututu rufaffe yana da taurin murɗa ninki ɗaruruwa a kan wanda aka tsaga, in bangonsa siriri ne. Duk fiffiken da aka yanko daga bututu tsagagge ne, don haka yana iya yin tauri wajen lanƙwasa amma ya zama lagwani wajen murɗa. Ƙari a kan haka, irin wannan roba tana saki in ta ji zafi, rana kuma tana busar da ita ta sa ta gautsi. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa a yankin yana haura digiri 40, balle abin da ke tsaye cikin rana.

Sai muka nemi wurare biyu a faɗin fiffiken, tsakanin goshinsa mai tsaga iska da ƙeyarsa. Na farko shi ne inda nauyinsa ya taru: muka yanko guntu muka ɗora a kan kaifin wuƙa har ya tsaya bai rinjaya ba. Na biyu shi ne layin da yake murɗewa a kansa: muka matse gindin fiffike tam a jikin benci, muka riƙa rataya ƙaramin dutsen awo a wurare daban-daban na tsininsa, har muka sami inda yake lanƙwasa ba tare da ya murɗe ba. Ƙa'idar da masu jirgin sama suka gano ita ce, matsar da nauyi baya yana kawo filata kusa, matsar da shi wajen goshi yana kore ta. A fiffiken da ba falatba, nauyin yana wajen tsakiya. A wanda aka yi wa falatba, ya koma can wajen ƙeya. Muka manna wayar hannu a gindin kowanne muka ɗan doke shi da ƙotar sukudireba, na'urar jin motsi da ke cikin wayar tana zana karkarwar. Ƙarfen ya ƙara taurin lanƙwasa, bai ƙara na murɗa wani abin kirki ba, sai nauyi da ya jibga a wuri mafi muni. Bugun lanƙwasa da bugun murɗa, waɗanda ake so su yi nesa da juna, sun matso kusa.

Mai walda ya daɗe yana juya guntun a hannunsa, sannan ya ce, "Malam, da a goshi na sa shi fa?"

Na ce masa, "Maigida, da ya fi daɗewa. Amma da ƙarshe zai karye, don ciwon ba a nan kaɗai yake ba."

Ina ganin bai kamata a zarge shi ba. Ya ga tsaga ya ƙarfafa inda ta fito, kuma a ƙofa ko amalanke ko garma wannan shi ne daidai. Abin da ke juyawa cikin iska ne ke da wata doka ta daban, wadda ba a koyar da ita a zauren walda, kuma mu da muka karanta ta ba mu cika kai ta can ba.

Gwaji na biyu shi ne na gudu. Ba mu da ramin iska, wato bututun gwaji da ake hura iska a cikinsa, irin na manyan jami'o'i, amma akwai tsohuwar dabara ta masu ƙananan injunan iska: in iska ba ta zo ba, kai ka je mata. Muka kafa injin a kan gajeren turke a bayan a-kori-kura, sama da kan direba, muka sa allon katako mai kauri tsakaninsa da mutane. Da izinin dagaci muka sami miƙaƙƙiyar hanya da sassafe, lokacin da iska ke kwance kuma ba a fara fitowa da dabbobi ba, matasa suka tsare bakinta biyu. Gudun mota shi ne gudun iska: kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa. Saurin juyawar injin kuma daga wutar janaretan muka karanta shi da mitar awon wuta, tunda yawan bugun wutar yana tafiya ne da yawan zagaye.

Da batir mai yunwa a jone, muka fara a hankali. A wani ƙaramin gudu sai turken ya ɗauki rawa, muka ƙara mai kaɗan, rawar ta wuce. Wannan karkarwar tilas ce, kuma haka halinta yake: tana da unguwarta, in ka gifta ta ka rabu da ita. Wilfred Campbell na kamfanin General Electric ya bayyana yadda ake zana wannan a 1924, bayan faya-fayan injunan tururi sun yi ta fashewa: a ja layin bugun asali, a ja layukan saurin juyawa da ninkinsa, duk inda suka gicciye a guji zama a wurin. Har yau da sunansa ake kiran zanen. Muka ci gaba har iyakar gudun da muka yarda da shi a wannan hanya, fukafukan ba su yi kuka ba.

Sai muka maimaita, amma a tsakiyar tafiya ɗalibi ya zare wayar batir. Cikin 'yan daƙiƙu lambar da ke kan mita ta yi sama, sautin ya sirance, sannan kwatsam ɓarararar ɗin da Baba mai gadi ya kwatanta ta cika hanya. Ba a hankali ta zo ba. Farin fentin da muka shafa a tsinin fukafukan, wanda a da yake zana siririn zobe, ya baje ya zama faffaɗa a bidiyon da muka ɗauka da waya mai rage gudu. Direba ya ɗan ƙara mai, kukan ya ƙaru maimakon ya wuce. Ya sassauta, kukan bai tsaya a inda ya fara ba, sai da gudun ya sauka ƙasa da haka sosai. Fukafukai masu falatba sun fara kukan a gudun da ya gaza na marasa shi nesa ba kusa ba. Waɗannan alamu uku, farawa kwatsam, ƙin wucewa, da jinkirin lafawa, su suka tabbatar mana filata ce.

Daga nan maganar koriyar fitila ta warware. Kwantirolar sola, in batir ya cika, yanke wayar da ke kawo wuta take yi. Faifan sola bai damu ba, zai zauna cikin rana ba abin da zai same shi. Injin iska kuwa wutar da ake ja daga jikinsa ita ce birkinsa. A aiki na yau da kullum tsinin fiffike irin wannan yana gudun da ya ninka na iska kamar sau shida, wato a iskar mita 10 a daƙiƙa tsinin yana yin mita 60, kilomita 216 a awa ke nan. In aka sauke masa kaya sai ya zarce haka sosai, kuma duk ninki biyu na gudu ninki huɗu ne na ƙarfin iska a kan fiffike da na ƙarfin da ke fizgar sa daga gindi. A hunturu hazo ya hana batura cika, don haka birki bai taɓa sakin injin ba. A bazara rana ta cika su tun azahar, kwantirola ta yanke, roba ta yi laushi da zafi, iskar gaban hadari ta iso. Abu huɗu ne suka haɗu a sa'o'i biyu ko uku na yini.

Ɗalibaina sun tambaye ni ko abin da muka gani shi ne ke damun manyan tashoshin wuta. Amsar tana da ɓangare biyu, kuma na fi son su riƙe bambancin fiye da kamancin. A tashar Egbin da ke Ikorodu a Legas akwai injunan tururi shida, kowanne megawat 220, jimilla 1,320. Wutar Najeriya tana bugu 50 a daƙiƙa, don haka irin waɗannan injuna suna zagaye 3,000 a minti. Fukafukan layin ƙarshe, inda tururi ya riga ya buɗe ya yi faɗi, su ne mafi tsawo da siranta. A manyan injuna suna kai mita guda ko fiye, tsininsu yana wuce gudun sauti, kuma su ne filata ta fi kamawa, musamman in injin yana aiki da ƙaramin kaya ko matsin da ke bayansa ya hau saboda na'urar sanyaya tururi ba ta ja yadda ya kamata. Shi ya sa masu ƙera su ke gindaya iyakar da ba a yarda mai aiki ya wuce ba. A nan kamancin yake: injin lafiyayye ne a yanayin da aka tsara shi, yana shiga haɗari ne in aka fitar da shi daga yanayin.

Bambancin kuwa, fiffiken robarmu mara nauyi ne, iska na iya haɗa lanƙwasarsa da murɗarsa ta mai da su abu guda, irin na reshen jirgin sama. Fiffiken ƙarfe na injin tururi ko na gas ya fi abin da ke ratsa shi nauyi nesa, don haka tururin ba ya iya canza masa salon karkarwa. Abin da ke faruwa shi ne fukafukan suna jere da yawa a kan faifai guda, motsin kowanne yana canza matsin da ke kan maƙwabcinsa. In jinkirin da ke tsakanin motsin wannan da na kusa da shi ya faɗa wani mizani, sai karkarwar ta riƙa zagaya faifan tana tsotsar ƙarfi daga tururin. Frank Lane ya fayyace wannan a 1956, F. O. Carta kuma a 1967 ya nuna yadda za a lissafa ƙarfin da iska ke zubawa ko ɗebewa a kowane zagaye.

Gwajin da ake yi a ɗakunan bincike ya ginu ne a kan wannan. A kwalejin fasaha ta Lozan a Suwizalan, da ta KTH a birnin Stockholm na Suwidin, ana jera fukafukai a cikin bututun iska, a sa na'ura ta riƙa karkaɗa ɗaya daga cikinsu da gangan, a salon da ake so da saurin da ake so, sannan ƙananan ma'aunan matsi da aka binne a jikinsa da jikin maƙwabtansa su faɗi abin da iska ta mayar. In matsin yana taimakon motsin, akwai haɗari, in yana hana shi, lafiya. A 1986 Albin Bölcs da Torsten Fransson suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje suka zama ma'aunin da masu lissafin kwamfuta ke gwada aikinsu da shi. A 2000 Panovsky da Kielb suka nuna cewa a fukafukan layin ƙarshe na injin gas, salon motsin, wato inda layin murɗewa ya faɗa, yana da tasiri ƙwarai wajen tashin filata. A 2008 Tarayyar Turai ta fara wani shiri mai suna FUTURE a kan wannan matsala, KTH ce ta jagorance shi. A injin da ke aiki kuma ana manna ma'aunin miƙewa a jikin fiffike, ko a dasa na'urori a jikin murfi suna auna lokacin isowar tsinin kowane fiffike, wanda ya riga lokacinsa ko ya makara an san yana karkarwa. Magungunan sun haɗa da ɗaure fukafukai da juna ta tsini ko ta tsakiya, da sa ƙananan ƙarafa a gindinsu masu shanye motsi ta hanyar guga, da wata dabara mai ban sha'awa: a sa bugun asali na kowane fiffike ya ɗan saɓa da na kusa da shi da gangan, don kada su sami haɗin bakin da karkarwar ke bukata.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma nake nanata wa ɗalibai, shi ne waɗancan masanan da duk kwamfutocinsu ba su daina gwaji ba. Mu da ke yanka fiffike da zarto a tsakar gida mun fi su bukatarsa, kuma rabin abin da muka gano a wannan lamari da wuƙa da dutsen awo da wayar hannu muka gano shi.

Da muka kai wa dagaci bayani, kwamitin asibitin ya rabu biyu. Shugabar asibitin ta ce, "Ranka ya daɗe, ni firjina nake so ya kwana da wuta. In kuɗin gyaran nan zai sayi ƙarin faifan sola, a saya a huta." Maganarta tana da nauyi, kuma na faɗa a gaban kowa cewa a wannan yanki rana ta fi iska tabbas, faifan sola ba shi da abin da ke juyawa balle ya tashi ya faɗa kan mutum. Ko babbar gonar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injuna 37 da aka tsara ta ba da megawat 10, a kan dogayen turaku take don iskar kirki a sama take. Amma ƙarin faifai ba ya maganin daren hunturu sai an ƙara batura, batura kuwa su ne mafi tsada kuma su ke fara mutuwa. Injin yana ba da wuta daidai lokacin da sola ke gazawa. A kan haka aka tsaya: a gyara shi a matsayin mataimaki, da sharaɗin a matsar da shi nesa da rijiya da hanyar mutane.

An bar roba gaba ɗaya. Kafinta ya sassaƙa fukafukai uku daga busasshen katako mara ƙulli, gindinsu da kauri, suna sirancewa zuwa tsini, mafi kaurinsu yana wajen goshi. Katako cikakke ne ba tsagagge ba, don haka yana da taurin murɗa. Aka auna su a sikeli har nauyinsu ya zo ɗaya, aka huda ramukan noti da injin huda aka goge bakinsu, aka matse gindin tsakanin faya-fayai biyu maimakon ɗaya. Kwantirolar sola ta koma kan sola kaɗai. Injin ya sami tasa, wadda in batir ya cika ba ta yankewa, sai ta karkatar da wutar zuwa hita a cikin durom, ruwan zafin kuma ɗakin haihuwa ke amfani da shi. Mai walda ya ƙera sabuwar wutsiya mai gwiwa, wadda in iska ta yi yawa take naɗewa ta kawar da fuskar injin gefe. Aka sa makunnin birki a gindin turke, mai haɗe wayoyin janareta uku wuri guda. Mun ja kunnen Baba mai gadi da ungozoma cewa tun hadari na haɗuwa ake danna shi, don in iska ta riga ta yi ƙarfi yana iya kasa tsayar da injin, janaretan kuma ya ƙone.

Kafin a ɗaga shi mun sake hawa a-kori-kura da sababbin fukafukan, da kaya da kuma ba kaya. Wutsiyar ta naɗe kafin a kai gudun da na roba suka fara kuka, zoben fentin kuma bai baje ba. Rawar turke ta ƙaramin gudu ta sake bayyana bayan an kafa shi, aka ƙara ɗaurin wayoyi a tsakiyar turken aka ɗame su, ta ragu ƙwarai. Kwamiti ya ɗauki nauyin sauke injin sau ɗaya a shekara kafin damina, a duba gindin fukafukai, a sake fenti, a gyara goshin da ƙurar hunturu ke ci. An ajiye littafi a ɗakin batir, duk wanda ya ji baƙon sauti ya rubuta lokaci da halin fitilar kwantirola.

A wajen zaman ne wani ɗan kwamiti ya ambaci cewa wani ƙauye da ke gaba ya kwaikwayi injin farko, da robarsa da kwantirolar solarsa, an kafa shi a harabar makarantar allo. Dagaci ya tashi ɗan aike a ranar zuwa ga takwaransa. Sun ɗaure nasu da igiya, mai walda da ɗalibai biyu kuma suka tafi da ma'aunin wutsiya da na fukafukan katako.